Ranar da Aka Ɗaure Jiguna

Bara na bi ta fadamar garinmu a mota, na ce da direba ya tsaya. Abin da ya fara dukan kunnena ƙarar injinan ban ruwa ce. Kowane lambu da nasa inji, kowa ya zura tiyo cikin ƙasa yana zuƙo abin da yake so, ba ya neman izinin kowa. Na tambayi wani saurayi ko ina tsohuwar magudana take. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi dai bai taɓa jin an yi magudana a wurin ba. Ban ga laifinsa ba. An baje ta an shuka tumatir a kai, kuma waɗanda suka san inda ta bi kusan duk sun riga mu gidan gaskiya.

Garin namu a bakin kogi yake, tafiyar yini guda a kan jaki daga Azare, a zamanin da ganin mota a ƙasar Katagum abin ba da labari ne. Da rani kogin yakan janye ya bar yashi, sai wani lungu mai zurfi da muke kira gurbi, wanda ba ya ƙafewa. Daga gurbin nan kakanninmu suka haƙa magudana. Faɗinta bai fi mutum ya tsallake ba. Takan bi ta lambunan da ke kusa da kogi, ta ratsa wata jigawa da ba a noma, sannan ta fito ga sauran lambunan. Na farkon muke kira mutanen kai, na ƙarshen mutanen wutsiya. Kowane lambu yana da jigonsa a bakin ruwa: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a bakinta. Ka ja igiya guga ya nutse, ka saki nauyin lakar ya ɗago shi, ka juye ruwan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa komaye, wato ƴan fegin da aka kewaye da kunya ana shuka alkama da albasa a ciki. Tun da sassafe jiguna ke kuka, kowanne da muryarsa. Daga cikin gida Inna takan san ko na fara aiki, don namu yana da wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Injin yanzu duk muryarsu ɗaya, kuma in na maƙwabcinka ya mutu ba abin da ya shafe ka. A lokacinmu ruwan da ke zuwa gare ka sai ya bi ta gaban kowa, don haka dole ka san halin kowa.

Mai rabon ruwa shi ne Malam Bukar, wani dattijo Babarbare da iyayensa suka zo daga Borno. Ba shi da agogo, da lokutan salla da inuwar sandarsa yake raba mana lokaci. Ba ya ɗaga murya. In ka wuce lokacinka sai ya zo ya tsaya kusa da jigonka ya tambaye ka lafiyar mahaifiyarka, ya ci gaba da tsayuwa har ka ji kunya ka ajiye guga.

A shekarar da nake magana, damina ta ɗauke tun gero yana da ciki bai fid da kai ba. Muka yanke kara muka tara, rumbuna suka kwana wayam. Mahaifina ya rasu a ranin da ya gabata, ya bar ni ina saurayi da Inna da ƙannena uku, maza biyu da mace ɗaya, ya bar mana lambu na can ƙarshen wutsiya, wanda bayansa sai daji. Ya kuma bar irin alkama a cikin tulu an liƙe bakinsa da laka. Duk yunwar da aka yi Inna ba ta bari an fasa tulun nan ba sai ranar shuka, muka zuba shi duka a ƙasa. Wata rana tana tankaɗe ta ce da ni, ba tare da ta ɗago kai ba, in alkamar nan ba ta yi ba za a raba yaran. Maza biyun za su bi ni cin rani, autarmu kuma, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, za a kai ta Giade wajen Baffa. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba, amma da ita nake jan igiya kullum.

Alkama ta fito ta yi kyau, ta kai gwiwa. Sai gurbi ya ja baya fiye da yadda kowa ya taɓa gani, har ruwan ya sauka ƙasa da bakin magudana. Dattawa suka zauna suka yanke shawarar a yi gayya, a datse bakin, a yashe magudanar tun daga kai har wutsiya, a ƙara mata zurfi. Yasa ba sabon abu ba ne, kowace shekara muna yi, amma taɓon sama kawai muke kwashewa. Wannan karon zurfi ake nema. Aka kira makaɗi. Wanda bai taɓa aikin gayya da kiɗa ba ba zai gane abin da ganga ke yi wa saurayi mai fartanya ba, ko da cikinsa babu komai. Samarin kai suka faro daga sama, mu muka faro daga ƙasa, muka haɗu a jigawa, inda ba lambun kowa ba ne, aikin na kowa ne. Nan makaɗi ya tsaya a kan tudu yana kiran sunan duk wanda tulin ƙasarsa ya fi tsawo, yana ambaton kakanninsa. Ƙasar da muke fitarwa da farko baƙa ce mai danƙo, tana kama fartanya. Can sai ta sauya ta zama rairayi mai laushi, fartanya na shiga kamar cikin gari. Muka yi ta ihu don aiki ya yi sauƙi, kowane ɓangare na son ya fi ɗaya nutsewa. Malam Bukar yana can bakin gurbi wajen datsi. Da yamma aka fasa datsin, ruwa ya shiga, kowa ya tafi gida yana murna.

Washegari jigunan kai suka yi ta kuka. Mu a wutsiya muka tsaya da guga a hannu har rana ta take, ba ko danshi. Muka ce sabuwar ƙasa ce take sha, gobe zai iso. Goben ma haka, jibi ma haka. Ganyen alkama ya fara naɗewa, korensa ya koma kamar an yayyafa masa toka. Nakan tsuguna in tona gindinta da yatsa in ji ƙasar da zafi.

Maƙwabcina a lambu, Garba, mutum ne mai iyali da yawa da saurin fushi. Shi ya fara cewa mutanen kai ne ke ɗiba a lokacinmu. Ba a daɗe ba kowa a wutsiya ya yarda, don babu wani bayani da ya fi wannan sauƙi. Muka ɗunguma muka haura, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, kuma ba wanda ya yi niyyar noma da ita. Muka tarar da Malam Sule, mai lambun farko, yana ban ruwa. Garba bai yi sallama ba, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar jigon. Curin laka ya faɗi tim, sandar ta miƙe sama. Ƴaƴan Malam Sule suka taso da sanduna. Tsakaninmu da su bai fi tsawon tabarma ba lokacin da Malam Bukar ya iso, ya shiga tsakiya yana dogara sandarsa.

"Garba, igiyar wa ka yanke?"

"Ta ɓarawon ruwa, Baba."

"Ka gan shi yana sata?"

"Sai na gani? Dubi alkamarsa kore shar, ka je ka dubi tawa kamar an babbake ta!"

Malam Sule ya ce, "Ni a lokacina nake ɗiba. In ƙarya nake, ga Malam Bukar nan. Kai da ko sallar asuba sai an tashe ka, yaushe ka san lokacin wani?"

"Ka ji ko, Baba? Ka ji abin da yake gaya mini?"

"Na ji. Ku duka ku saurara. Gobe bayan asuba za a ɗaure kowane jigo, ba mai taɓa guga. Kowane mutumin wutsiya ya zo ya tsaya a kan jigon mutumin kai. Sai mu bar ruwa ya tafi shi kaɗai, mu bi shi a baya mu ga gidan wa yake shiga."

Ban taɓa jin fadama shiru irin na wannan safiya ba. Jiguna duk a ɗaure, sun miƙe kamar mutane a sahu. Malam Bukar ya sa aka datse magudanar a ƙarshen lambunan kai har ruwa ya taru, sannan aka buɗe. Muka bi harshen ruwan a ƙafa, mutanen kai a wannan gefe, mu a wancan, ba mai duban ɗan'uwansa. Yana tafe yana tura busassun ganye, tururuwa na gudu a gabansa. Da ya shiga jigawa sai ya rage sauri. Ya ƙara gaba kaɗan ya soma wani sauti ƙasa-ƙasa, kamar an zuba ruwa a kan toka mai zafi. Akwai wata giginya a tsakiyar jigawar. Ruwan ya kai gindinta ya tsaya. Ta baya yana ta zuwa, muna ganinsa, amma gaba ko taki ɗaya bai ƙara ba. Muka tsaya har hantsi muna kallon ƙasa tana shanye abincin gari.

Malam Bukar ya tattare rigarsa ya sauka ciki, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo rairayi. Ya dubi tulin da muka yi a gefe, ya sa sanda ya tona, ga baƙar laka a ƙarƙashi ta bushe ta farfashe.

"Shimfiɗa ce kuka kwashe," in ji shi. "Mutanen da ne suka ɗauko laka suka daɓe wurin nan don kada rairayi ya sha. Ni ma ban sani ba. Tun tasowata na ɗauka haka Allah ya yi ƙasar."

Garba ya dubi Malam Sule, ya dubi ƙasa. Wani ya tambaya ina makaɗi, aka waiga, ashe tuni ya sulale.

Gyaran a fili yake: a sake datse baki, a ɗauko laka daga wani busasshen tafki da ke bayan gari, a jiƙa ta, a tattake ta har ta kama. Muka yini muna yi da ƙafa. Mutanen da ba su ƙoshi ba ba sa taka laka da ƙarfi, kuma da rana ta faɗi abin da muka daɓe bai kai inuwar giginyar ba. A wannan tafiyar alkamar wutsiya za ta mutu kafin mu kai rabi. Mutanen kai kuma sun fara gunaguni, don muddin baki na datse su ma ba su da ruwa.

Na koma gida na gaya wa Inna. Ita Bafulatana ce, a ruga ta girma. Ta ce, "Ƙafar mutum me za ta yi? A wajenmu in ana so tafki ya riƙe ruwa, shanu ake korawa ciki." Na kai wa Malam Bukar maganar. Maganar ta yi masa nauyi, kuma na san dalili. Dokar magudana tun fil azal ita ce kofato ba ya taɓa ta. Kuma a ranin nan shi da kansa ya sa aka kori garken Jauro, shugaban Fulanin da ke zaune a dajin bayan lambuna, daga bakin gurbi, aka bar su da wata rijiya mai ɗaci. Daga ƙarshe ya ce in zo in raka shi.

Muka sami Jauro a gindin bishiya yana tufka igiya, shanunsa a kwance, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, kuma da shi suka fara.

"A'a! Yau bawana ya tuna da ubangidansa? Zauna a ƙasa, Babarbare, tabarma ta manya ce."

"Na zo duba dukiyar da na ba ka kiwo ne. Na ga ka ramar mini da ita."

"Wanda ya hana su ruwa shi ya ramar da su."

Dariyar ta tsaya a nan. Malam Bukar ya faɗi abin da ya kawo mu, bai ɓoye komai ba. Jauro ya ci gaba da tufkarsa har ya kai ƙarshen igiyar.

"Saniya mai ƙishi ba ta aiki a kusa da ruwa," in ji shi. "In ta ji ƙanshinsa za ta bi ta kan datsinku da ku duka. Sai sun sha a gurbi sun ƙoshi tukuna. Wannan ɗaya. Na biyu, ina son mashaya a ƙarshen magudana har damina ta sauka, da hanyar da za su bi su isa."

Ƙarshen magudana lambunmu ne. Su biyun suka juyo suka dube ni. Mashaya da hanya za su cinye komayen da ke bakin ruwa, kusan rabin lambun, kuma su ne waɗanda suka fi sauran rai.

Malam Bukar ya ce, "Ba zan ce ka bayar ba. Gonar marayu ce, ba ni da iko da ita."

Jauro, da yake ya san Inna tasu ce, ya ce, "Ɗan ƴar'uwata, bakinka muke jira."

Lissafin ba mai wuya ba ne, rabi da ruwa ko duka babu ruwa, amma ban san ko rabin zai ishe mu ba, kuma ban san ko ruwan zai iso ba bayan na bayar. Na ce na yarda, da sharaɗin jigona ya zauna sama da mashaya, kuma shanu kada su zo sai na gama ban ruwa. Jauro ya ce da Malam Bukar, "Ka ga jininmu ko? Da ɗanka ne da tuni ya sayar da kogin."

Da safe aka kawo garken bakin gurbi. Gari duka ya fito. Shanun suka afka cikin ruwa suna sha ba ɗagowa, mu kuma idonmu na kan gaɓa, inda jiƙaƙƙen layi ke ƙara faɗi yayin da ruwan ke sauka. Malam Sule ya ce a fili, "Mun ɗauki abin da ya rage mun ba dabba." Garba ya ce in sun ƙoshi suka tafi fa, wa zai kamo su? Kamar sun ji shi. Da suka fito, babbar saniyar da ke jan garken ta juya ta nufi daji yadda ta saba, sauran suka bi ta. Na ga hannaye sun ƙanƙame fartanyu. Garba ya ce, "Na faɗa muku!" Jauro bai yi sauri ba, bai ko dubi mutane ba. Ya taka zuwa jigawa, ya sauka cikin magudana har laka ta kai masa ƙwauri, ya kira saniyar da sunanta cikin Fulatanci, a hankali, kamar mai kiran yarinya. Ta tsaya. Ya sake kira. Ta juyo ta zo bakin ramin, ta sunsuna, ta yi jim, sannan ta sauka. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya.

Yinin nan mata suka yi ta jigilar laka a ƙwarya, mu muna zubawa muna yayyafa ruwa, shanu na kaiwa da komowa a layi, Jauro a gaba. Har yau ina jin sautin kofato yana shiga laka yana fita. Kafin la'asar ƙasan magudanar ya yi sumul, ya yi baƙi, in ka danna da dunduniya ba ya nutsewa. A ranar ne kuma na rushe kunyoyin da na yi da hannuna don a fitar da mashaya. Inna ta zo da lauje ta ce ba za a tattake alkamar mahaifina tana tsaye ba. Ta yanke ta tas, ta ɗaure, ta kai wa ƴan maruƙan da ba sa iya tashi.

Washegari aka fasa datsi, muka sake bin ruwan. Da ya doshi giginya kowa ya rage tafiya. Ya kai gindinta, ya yi kamar zai tsaya, ya taru, ya wuce. Ba wanda ya yi ihu. Bai iso lambunmu ba sai kusan azahar, kuma zurfinsa bai fi tafin hannu ba, sai da na haƙa rami a gindin jigo kafin guga ya cika. Ina ja ina juyewa, ga garken Jauro ya iso bakin hanya, shi kuma ya gitta sandarsa a gabansu ya tsaya a rana har na cika komi na ƙarshe.

Ba duka suka farfaɗo ba. Alkamar Garba, wadda ke kan ƙasa mai tudu, ta riga ta mutu. Ya kwashi iyalinsa ya tafi cin rani, bai dawo ba. A namu lambun komayen can gefe sun bushe, na tsakiya suka miƙe suka fid da kai. Abin da muka girbe Inna ta yi ta auna shi da ƙaramin ludayi, tana haɗawa da ganye, wani lokacin da nonon da matar Jauro ke aikowa, har gero na gaba ya nuna. Mun rame, amma a tukunya ɗaya muka ci.

Autarmu ta girma a gidan, ta yi aure, ta ga jikokinta, ta rasu shekarun baya. Ba ta taɓa sanin an yi maganar kai ta Giade ba. Inna ba ta gaya mata ba, ni ma ban gaya mata ba.